Daidaita kwale-kwale da tirelarsa: Abin da ke gaban masu walda na Dilimi da masu jiragen tafkunan Jos

Kogin Dilimi, wanda ya ratsa tsakiyar birnin Jos ya bi ta Naraguta kafin ya gangara arewa ya shiga ruwan Jama'are, ba kogin da jirgi ke bi ba ne. Da rani duwatsu ne da yashi da ɗan ruwan da masu lambu ke ja da inji, da damina kuma sai ya taso da ƙarfin da ba ya barin komai a gabansa. Duk da haka akwai ruwa mai yawa a kan tsaunin Filato, sai dai a warwatse yake. Haƙar kuza da Turawan Ingila suka faɗaɗa tun farkon ƙarni na 20, bayan da Kanar Henry Laws ya kafa sansani a Naraguta, ta bar ɗaruruwan ramuka da suka cika da ruwa a yankunan Jos da Bukuru da Barikin Ladi. Ɗaya daga cikinsu shi ne tafkin Rayfield, inda ake yawon shaƙatawa a kwale-kwale. Ga kuma madatsun ruwa irin su Lamingo da Liberty da Shen, ga tafkunan kiwon kifi na Panyam a ƙaramar hukumar Mangu.

Babu wata hanyar ruwa da ta haɗa waɗannan wurare. A Yawuri ko Lokoja mai jirgi kan ɗaure shi a bakin kogi ya tafi gida, gobe ya dawo ya kwance. A Jos kuwa, duk jirgin da zai yi aiki a wuri fiye da ɗaya, na mai kamun kifi ne ko na masu binciken ruwa ko na masu ceto, dole ya hau titi. Wannan ne ya sa ƙaramar tirelar da ake ɗora jirgin a kai a ja da mota ta zama rabin jirgin. Kuma da yake unguwar Dilimi ita ce matattarar masu sayar da kayan gyaran mota da masu walda a Jos, nan ne mai neman aksil da sifirin da taya da wanda zai haɗa su zai fara nufa.

Muhimmancin lamarin ya wuce jin daɗin mai jirgi. A daren Lahadi 22 ga Yulin 2012, ruwan sama mai ƙarfi ya sa madatsar Lamingo ta tumbatsa, ambaliya ta afka wa Rikkos da unguwannin da ke kusa, mutum fiye da 30 suka rasa rayukansu. Haka kuma kusan kowace shekara ana samun labarin wanda ya nutse a wani tsohon ramin kuza. A irin wannan yanayi, jirgin da sai an tara ƙarti takwas kafin a sauke shi daga bayan mota ya riga ya makara. Wanda ya zauna daidai a kan tirelarsa mutum biyu ne ke sauke shi cikin 'yan mintoci.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ƙera tirela tukuna, sannan a kawo jirgi a ɗora a ga yadda ya zauna. Tsarin da ya dace shi ne a fara da jirgin. A auna tsawonsa daga goshi zuwa allon baya inda ake rataye inji, a auna faɗinsa, a duba siffar cikinsa: shimfiɗaɗɗe ne kamar tire, ko mai tsini ne a tsakiya? Sannan a san nauyinsa na gaskiya, wato da duk abin da zai kasance a cikinsa ranar tafiya. A ɗauki misali da jirgin faiba mai tsawon mita huɗu da rabi wanda jikinsa kaɗai ya kai kilo 180. Injin mai ƙarfin doki 15 yana kusan kilo 37. Tankin fetur mai lita 24 ya zarce kilo 20 idan ya cika. A ƙara anga da igiyoyi da filafilai da rigunan kariya daga nutsewa, a ce kilo 40. An kai kusan kilo 280 ke nan, kuma idan ita tirelar ta kai kilo 150, abin da mota za ta ja ya kama kilo 430. Ruwan sama da ya kwana a cikin jirgi ma nauyi ne, kowace lita kilo ɗaya, kuma a watan Agusta a Jos dare ɗaya ya isa ya zuba lita ɗari a jirgin da aka bari a buɗe.

Inda jirgi ke da ƙarfi, nan zai kwanta

A cikin ruwa, nauyin jirgi yana rarrabuwa a kan dukan cikinsa. A kan tirela kuwa 'yan wurare ne ke ɗauke da shi, kuma kowane rami a kan titi yana dukan waɗannan wurare kamar guduma. Saboda haka aikin mai walda shi ne ya gano inda jirgin ya fi ƙarfi ya tokare shi a nan. Wurare biyu ne: ƙashin tsakiya da ya bi ƙasan jirgin daga goshi zuwa baya, da kuma allon baya.

Ana tallafar ƙashin tsakiya da robobi masu juyawa, waɗanda ake kira rola, a jere a tsakiyar tirelar. Su ne ya kamata su ɗauki mafi yawan nauyin jirgi mai tsinin ciki. A gefe da gefe kuma ana shimfiɗa dogayen katakai biyu, dama da hagu, waɗanda aikinsu shi ne su hana jirgin karkata su kuma ɗauki ragowar nauyin. Yadda ake daidaita su ba shi da wuya, sai dai yana son haƙuri. A sassauta katakan su sauka ƙasa, a bar jirgin ya zauna a kan rololin tsakiya, a tabbatar kowace rola ta taɓa shi. Rolar da hannu ke iya juyawa alhali jirgi na kanta ba ta ɗauke da komai, kuma nauyinta ya koma kan 'yar'uwarta. Bayan haka sai a ɗaga katakan da jak har su manne da cikin jirgin daga farko zuwa ƙarshe, a ƙara ɗan matsi kaɗan, a ɗaure noti. Idan aka tura takarda tsakanin katako da jirgi ta wuce, akwai sauran aiki. Jirgi mai shimfiɗaɗɗen ciki, kamar yawancin na alminiyam, ya fi son katakai zalla, domin rola kan lotsa siririn ƙarfensa.

A nan ne ake ganin bambanci tsakanin aikin walda mai kyau da mai ƙarfi kawai. Mai walda ya saba da cewa abin da aka narka aka haɗe shi ne aiki, kuma a ƙofa ko tagar gida gaskiyarsa ne. A tirelar jirgi kuwa, firam ɗin kaɗai ya kamata a haɗe da wuta. Ƙafafun da ke riƙe da katakai, da mazaunin rola, da sandar winci, har da mazaunin sifirin, duk da noti ya kamata a kama su, a kan ƙarfe mai ramuka a jere ko da ƙusa mai lanƙwasa wadda ke rungumar firam. Dalili shi ne ba a taɓa dacewa da ma'auni a karon farko. Sai an kai jirgi ruwa sau biyu ko uku kafin a gane cewa katakon hagu na bukatar hawa da yatsa ɗaya. Idan an riga an yi masa walda, gyaran ya zama na yanka da sake haɗawa, kuma mafi yawan masu jirgi sai su haƙura su ci gaba da wahala.

Ƙarshen katakan ya kai daidai ƙarƙashin allon baya, ko ya ɗan wuce shi da yatsa biyu. Wannan ƙa'ida ce da ba a sassauta ta. Allon baya ne ke ɗauke da inji, kuma idan ya yi lilo a iska ba abin da ya tokare shi, nauyin injin zai riƙa lanƙwasa cikin jirgin daidai inda katakon ya ƙare. A hankali wurin zai lotsa, jirgin ya riƙa tafiya da goshi a ƙasa cikin ruwa, na faiba kuma ya fara tsagewa. Idan cikin jirgin yana da jijiyoyi da suka fito a tsaye, katakon ya kwanta a gefensu, kada ya hau kansu.

Game da katakon kansa, wanda ya je Kasuwar Katako da ke Laranto ya nemi mai tauri da ke jure ruwa, kamar maɗaci. A nutsar da kan kowace ƙusa cikin katakon yadda ba za ta karci jirgi ba, a lulluɓe shi da kafet ko a shimfiɗa masa roba mai santsi irin ta bututun ruwa. Akwai sha'awar a yanka tsohuwar taya a manna, tunda ita ce a kusa kuma ba ta da tsada. Taya tana kare jirgi daga karcewa, amma tana kama shi ƙam, ta mayar da saukewa da lodawa kokawa.

A gaba kuma akwai sandar da ke ɗauke da winci, wato na'urar da ake juyawa da hannu tana naɗe igiya. Sai an gama zaunar da bayan jirgi ake matso da ita ta sami goshinsa. Ba a jan jirgi gaba don ya sami sanda. Igiyar wincin ta tafi a miƙe zuwa zoben da ke goshin jirgin, ko ta ɗan yi sama kaɗan. Idan wincin ya yi ƙasa da zoben, zai riƙa danna goshin a kan tirela maimakon ya jawo shi. Robar da goshin ke tokara kuma ta kasance a saman zoben, domin idan aka taka birki da ƙarfi zoben ya maƙale a ƙarƙashinta, jirgin ya kasa hawa ya faɗa kan motar. A ƙara ɗan gajeren sarƙa daga zoben zuwa sandar, saboda haƙorin winci kan kuɓuce.

Nauyin da ke kan wuyan tirela

Abin da ke sa tirela ta riƙa kaɗa wutsiya a kan titi, har ta kai ga juya motar da ke janta, shi ne rashin isasshen nauyi a gaba. Jirgi kuwa nauyinsa a baya yake saboda inji. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce wuyan tirela ya danna bayan mota da kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na dukan nauyin. A misalin da ya gabata na kilo 430, ana neman tsakanin kilo 22 da 43 ke nan. Ana iya auna shi da sikelin da mutum ke hawa: a ɗora guntun katako a kan sikelin, tsawonsa daidai da tsayin ƙwallon ƙarfen da ke bayan motar, a sauke wuyan tirelar a kai, a wuri mai baje, da duk kayan jirgin a ciki.

Idan nauyin ya yi kaɗan, ba jirgin ake turawa gaba ba, tunda an riga an daidaita shi da katakai. Aksil ake ja baya. Idan tazarar aksil da wuyan ta kai mita uku da rabi, matsar da shi baya da santimita 10 kan ƙara wa wuyan kimanin kilo 10 zuwa 12. Bayan an matsar, a auna daga wuyan zuwa kowane gefe na aksil, a tabbatar tsawon ɗaya ne, in ba haka ba tirelar za ta riƙa tafiya a kaikaice tana cin taya.

Wanda zai sauka daga tsaunin da jirgi, zuwa tafkin Pandam ko kogin Binuwai, ya tuna da Hawan Kibo. A doguwar gangara irin wannan, tirela marar birki tana tura mota ne daga baya, kuma birkin motar kaɗai ke shan zafin. A Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai doka ba ta yarda tirela marar birki ta wuce kilo 750 ba, kuma ma'auni ne mai kyau ko a nan. A sauka da ƙaramin giya. Sarƙoƙi biyu da ke haɗa tirela da mota a gitta su a ƙarƙashin wuyan, domin idan ya fice su tare shi kafin ya soki kwalta. Jirgin kuma a ɗaure bayansa da firam da bel biyu, kada a dogara da winci kaɗai. Fitilun baya da abin ƙyalli wajibi ne, kuma jami'an Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa na da hujja idan suka tsayar da wanda ba shi da su. Ba a ɗaukar mutum a cikin jirgi yana kan titi.

A bakin ruwa

Littattafan koyar da wannan aiki an rubuta su ne don ƙasashen da ke da gangaren kankare a bakin kowane tafki, mai saukar kusan mita ɗaya a cikin kowace mita takwas. Ramin kuza ba haka yake ba. An haƙa shi ne don a kwashe ƙasa, gefensa na iya tafiya a hankali taku uku sannan ya yanke ya faɗa zurfin da ya fi tsayin gida. Wani wurin kuma laka ce mai laushi, ragowar wankin kuza, wadda ke haɗiye taya. Bakin ruwan ma ba ya zama wuri ɗaya, domin manoman rani suna jan ruwan da inji don dankalin Turawa da kabeji da tumatir, sai ka ga wurin da aka sauke jirgi lafiya a watan Oktoba ya zama bakin rami a watan Maris. Don haka kafin taya ta taɓa ruwa, wani ya bi da doguwar gora yana tokara ƙasa, ya kafa alama inda za a tsaya, kuma ya yi haka yana sanye da rigar kariya.

Wannan yanayi ne ya sa tsayin tirela ya zama babban al'amari. A gangare mai saukar ɗaya cikin takwas, duk santimita 10 da jirgi ya ƙara tsayi daga ƙasa na nufin sai an ƙara tura tirela santimita 80 cikin ruwa kafin ya taso. A inda gangaren ya fi kwanciya, tazarar ta fi haka. Mai walda da ya ɗora firam a kan tsohon aksil na motar ɗaukar kaya da manyan tayoyinta ya yi abu mai ƙarko, amma ya ɗaga jirgin sama har sai tayoyin motar sun shiga laka kafin ya motsa. Ana rage tsayi ta hanyar ɗora aksil a saman sifirin maimakon ƙasansa, da lanƙwasa ƙarafan da suka gitta firam su yi ƙasa a tsakiya, jirgin ya zauna tsakanin tayoyi. Sai dai akwai iyaka. Hanyoyin da ke zuwa yawancin tafkunan na jar ƙasa ne masu kwazazzabai, kuma tirelar da ta yi ƙasa da yawa za ta daki dutse da ƙafar inji. Ƙananan tayoyi ƙwarai ma suna juyawa da sauri, boris ɗinsu ya yi zafi. Tayar ƙaramar mota mai inci 13 ita ce tsaka-tsakin da ya fi dacewa da jirgi irin na misalinmu, kuma samunta a Dilimi ba wuya.

Inda mota ba za ta iya kusantar ruwa ba, dabaru biyu ne ke aiki. Ɗaya ita ce wuya mai tsawaita: bututun ƙarfe a cikin wani, a zare shi mita biyu a bakin ruwa a sa fil, a mayar da shi kafin a hau titi. Ɗayar kuma ita ce a sa wa tayoyi waigi, a cire tirelar daga mota, a ɗaura mata igiya mai ƙarfi, a sassauta ta a hankali motar na kan busasshiyar ƙasa. Wannan na bukatar ƙaramar taya a wuyan tirelar, kuma kada kowa ya tsaya a bayanta ko kusa da igiyar da ta miƙe. Ga ƙananan jirage akwai kuma firam mai ɗagawa, wanda ake zare masa fil ya karkata baya, jirgin ya zame ko da ruwan bai kai gwiwa ba.

Wajen mayar da jirgi, yawancin mutane kan tura tirela ciki fiye da kima, a zatonsu hakan sauƙi ne. Sakamakon shi ne bayan jirgin ya riƙa yawo a saman katakai, a fito da shi a karkace. Abin da ya fi shi ne a jiƙa katakan gaba ɗaya, sannan a ɗan ja gaba har kusan kashi ɗaya cikin uku nasu ya fito fili. Ta haka goshin jirgin zai sami abin da zai kama, katakan su miƙar da shi yayin da winci ke ja. Idan aka gano zurfin da ya dace, a shafa fenti a jikin marfin taya daidai inda ruwa ya tsaya, don direba ya riƙa gani. Sanduna biyu a tsaye a ƙarshen tirela, dama da hagu, an zura musu farin bututun roba, suna taimakawa ƙwarai: suna nuna wa direba inda tirela take idan babu jirgi a kai, suna kuma tare jirgin idan iskar hunturu na turo shi gefe. A ruwa mai gudu, kamar na ambaliya, a karkata bayan tirelar ta fuskanci inda ruwan ya nufa, jirgin ya shigo yana fuskantar ruwan, wani kuma ya riƙe igiyar baya daga tudu.

Hawa tirela da ƙarfin inji, wanda wasu ke ɗauka gwaninta ce, yana haƙa rami a laka daidai inda taya za ta bi gobe. Ga kuma wani abu da baƙi ba su cika lura da shi ba: Jos tana kan tsayin kimanin mita 1,200 daga teku, kuma injin fetur marar tabo yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300. Injin jirgi da motar da za ta fito da shi daga laka duk sun rasa fiye da kashi 10 na ƙarfin da aka rubuta musu.

Boris ne ya fi saurin mutuwa a tirelar jirgi. Bayan tafiya yana da zafi, idan aka tsoma shi nan take cikin ruwan Filato mai sanyi, iskar da ke ciki ta tsuke ta zuƙo ruwa da laka. A ba shi minti goma sha biyar ya huce, lokacin da dama ake bukata don kwance bel na baya, cire wayar fitilu, da toshe ramin zubar da ruwa na jirgin. Igiyar winci da sarƙar goshi kuwa sai bayan jirgin ya kai ruwa ake kwance su, musamman a tirela mai rola, wadda jirgi kan zame daga kanta ya faɗi a kan ƙasa. Kafin damina ta kankama a watan Afrilu ko Mayu, a ɗaga kowace taya da jak a juya ta a saurara, a buɗe a duba giris. Idan ya koma fari kamar madara, ruwa ya shiga, sai a wanke a sake sabo, a canja robar da ke rufe bayan boris ɗin.